Naƙudar gwaji da madubin Baba Direba

Anti, ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle, kuma na rasa wanda zan gaya wa wannan magana bai yi mini dariya ba. Ƙawata ɗaya da na gwada faɗa wa sai da ta riƙe ciki ta zame daga kan kujera. Ni kuwa har yau abin bai ba ni dariya ba.

Wata ranar Asabar ce da hantsi komai ya dagule mini. Amma bari in fara gaya miki wane ne maigidana, in ba haka ba za ki ɗauka mahaukata ne mu duka biyun.

Da aka ce mini injiniyan wutar lantarki ne ke nemana, na ɗauka irin na littafi ne. Ni ma'abociyar karatun littattafan soyayya ce tun ina makaranta, ba zan ɓoye miki ba, har yanzu akwai kwali biyu a ƙarƙashin gadona. Na zana shi a raina da farar riga da ƙamshin turare, yana kaɗa makullin mota, yana faɗa mini kalaman da za su sa in rufe fuska. Wanda na samu kuwa mutum ne mai takalmi mai nauyi da jakar wayoyi ja da shuɗi da rawaya. Aikinsa a tashoshin rarraba wuta ne, can bayan gari. A kowace tasha akwai wani ɗaki mai sanyi, akwatunan ƙarfe a jere kamar kabad, a jikin kowanne an liƙa wata 'yar na'ura da suke kira rile. Ita ce mai gadin layin wutar. Idan waya ta tsinke ta faɗi, ko wani abu ya haɗu da wani, ita za ta ba babban makunni umarni ya yanke wuta kafin taransfoma ta ƙone ko wani bawan Allah ya mutu. Tana iya yin shekaru ba a buƙace ta ba, saboda haka ba mai sanin tana raye ko ta mace sai an gwada. Maigidana shi ne mai gwajin. Yana zuwa da wani akwati, ya ɗura mata matsalar ƙarya, ya duba ko za ta farka, da kuma saurin farkawarta. Kafin ya yi haka yakan cire wani ɗan mahaɗi da ke tsakaninta da babban makunnin, don kada ƙaryar ta wuce ta jefa rabin gari cikin duhu. Kuma bayan kowace rile akwai wata da ke jira, idan ta farko ta yi barci ta biyu ta tashi.

Na haddace duk wannan ne domin shi ne hirar makon farko na aurenmu. Ina zaune da lalle a hannu, yana zana mini layukan wuta a bayan kwalin sabulu.

Kada in zalunce shi, ba mugu ba ne. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Tun da cikina ya yi nauyi shi ke wanke tukwane, shi ke durƙusawa ya sa mini takalmi. Amma Anti, mutumin nan bai yarda da komai ba sai ya gwada. Duk farkon wata sai ya je ya danna wani maɓalli a akwatin wutar gidanmu, fanka ta tsaya, firji ya yi shiru, kuma kullum sai daidai lokacin da na kai inda jarumin littafi zai buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa. Ya shinshina tukunyar gas, ya jijjiga ƙarfen taga, ya dawo ya zauna yana murmushi kamar wanda ya kawo mini tsaraba. Na taɓa tambayarsa ko yana sona. Ya dube ni da mamaki, ya ce ai shi ya canza duk wayoyin kicin da hannunsa kafin in tare.

Yanzu cikina ya shiga wata na tara, haihuwar fari. Sai ga shi an sa musu wani babban aiki a wata tasha mai nisa, kwanaki za su yi a can, kuma ya faɗo daidai makon da asibiti suka ce in sa rai. Ya ce tun bara aka tsara, domin ba kullum ake samun damar kashe wannan layin ba, kuma rilolin wurin sun daɗe ba a taɓa su ba. Ƙari a kan haka, idan suka shiga ɗakin nan a waje suke barin wayoyinsu. Na ce ya roƙi ogansa a tura wani. Ya ce shi da abokin aikinsa ne suka san tashar ciki da bai. Ko tambaya bai yi ba, Anti. Wannan ya tsaya mini a wuya.

Maimakon haka sai ya zo mini da tsari. Shi ne na farkon da zan kira in naƙuda ta zo. Idan na kira bai ɗauka ba, sai in kira maƙwabcinmu, wani dattijo mai tasi da duk layinmu ke kira Baba Direba. Idan shi ma ba a same shi ba, sai Yayata da ke aure a ɗaya gefen gari. Ya je da kansa ya roƙi Baba Direba, dattijon ya ce ko yana tsakiyar cin abinci ne zai ajiye, ai ni 'yarsa ce. Na yi godiya, amma a raina na ji ciwo. A duk littafin da na karanta, mijin ne ke sungumar matarsa ya sa a mota, shi ke kai da kawowa a barandar asibiti yana share gumi. Ban taɓa karanta inda aka jera wa mace maza na ko-ta-kwana ba. Da na faɗa masa, ya ce duk tsarin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya ba tsari ba ne.

To, ranar Asabar ɗin nan. Muna zaune a falo bayan karin kumallo, ina ninke 'yan kayan jariri, sai ya ce akwai abin da ke damunsa: ba mu gwada tsarin ba. Ya ce in kira Baba Direba in ce naƙuda ta taso, mu ga ko zai ɗauka, da kuma yadda zai iso. Na ce wannan ai ƙarya ce. Ya ce gwaji ne, da zarar dattijon ya iso za mu yi masa bayani mu ba shi haƙuri, ai kowa zai fi samun kwanciyar hankali. Ya ciro agogon da yake aiki da shi ya riƙe.

A nan zan faɗi nawa. Da na ɗauki wayar, wani abu ya shige ni. Na ga kaina a cikin babin da na daɗe ina jira. Shi cewa ya yi in faɗi magana ɗaya in kashe, ni kuwa na saki nishi, na karya murya, na kira sunan Allah, har da cewa ina jin kamar ba zan kai ba. Wallahi har hawaye ya zo mini na gaske. Na saci kallon maigida ko zan ga fuskarsa ta canza, ko da sau ɗaya, ko da a wasa. Idonsa na kan agogo.

Baba Direba yana can bakin kasuwa da fasinja a mota. Ya sauke matar mutane da kayanta a gefen titi, ya juyo a guje. Kafin ya taso ya kira matarsa, wadda muke kira Gwaggo, ya ce ta riga shi zuwa wurina. Gwaggo kuwa kafin ta sa mayafi ta kira Mamana. Mama ta kira Yaya. Yaya ta kira mijinta a wurin aiki, ta kira ƙanwar maigidana, ita kuma ta kira tsohuwarsu. Duk wannan muna zaune ba mu sani ba, shi yana kallon agogo, ni ina share hawaye.

Gwaggo ce ta fara faɗowa ɗakin da zani a hannu da fulas na ruwan zafi, ta same ni zaune daram da rigar jariri a cinya. Kafin mu buɗe baki sai muka ji ƙarar ƙarfe a waje. Baba Direba ne, garin sauri ya shigo lungunmu ya goga motar a ginshiƙin ƙofa, madubin gefe ya karye yana lilo. Ko kallonsa bai yi ba, ya shigo yana haki yana tambaya ina take, a kamo ta. Sai ga maigidana ya miƙe, ya danna agogo, ya faɗa wa dattijon nan mintocin da ya yi, har da cewa ya yi ƙoƙari ƙwarai. Ba zan rubuta miki mintocin ba don kada raina ya sake ɓaci.

Anti, da ƙasa za ta tsage da na shige. Baba Direba ya dube shi, ya dube ni. Ya fita ya ƙarasa ɓalle madubin ya jefa a kujerar baya, ya ja motarsa a hankali. Gwaggo ta ɗauki fulas ɗinta, ta ce Allah Ya raba lafiya in lokacin ya yi na gaske, in ma za a gane na gasken.

Ba a jima ba Mama ta sauka daga kan babur, mace mai hawan jini, takalminta wari da wari, mayafi a juye. Ta taɓa cikina, ta taɓa goshina, ta ji labari daga bakina, Yaya ma ta shigo bayanta. Ta zauna ta sha ruwa. Ba ta kalli surukinta ba, ni ta kalla ta ce in gaya wa mai agogo ita ma ya rubuta nata lokacin, tun da ta zo da ranta. Tsohuwarsa kuma tana can a tashar mota da jaka, sai da aka kira aka ce ta koma gida.

Da kowa ya watse, maigidana ya je ya tsaya a bakin taga. Na jira in ji ya ce in yafe masa, ya rungume ni, ko ya yi kuka ma. Buɗar bakinsa sai ya ce: “Na yi gwaji ban cire mahaɗin ba. A wurin aiki da korata za a yi.”

Ke ji fa, Anti. Uwata ta kusa faɗuwa a titi, shi mahaɗi yake tunani.

Tun ranar gidan ya zama wani iri. Baba Direba yana amsa gaisuwa ne a daƙile, ba ya ƙara ce mini 'yata. Gwaggo ta daina leƙo ni. Yaran layi in suka hango maigida sai su riƙa duba tsintsiyar hannunsu suna dariya. Yaya ta ce ita kam in na kira ta sai ta nemi shaidu biyu. Wato tsarin da aka gwada don a tabbatar yana aiki, gwajin ne ya kashe shi. Idan na gasken ya zo maigida yana can cikin ɗakinsa mai sanyi, wa zan kira ya taso da gudu? Ya je ya sayo sabon madubi, yana nan a kan kabad naɗe cikin jarida, ya kasa kaiwa. Kullum sai ya sauko da shi, ya juya shi, ya mayar. Farkon watan nan ma bai danna maɓallinsa ba, kuma abin haushi, sai na tsinci kaina ina jiran fankar ta tsaya.

Tafiyar tana nan, bai fasa ba. Mama ta ce in tattaro in dawo wurinta tun kafin a gwada mata jika. Ni abin da ke cina shi ne: mutumin nan sona yake, ko dai ni ma ɗaya ce cikin akwatunan da aka ba shi amanar kula da su? Ina kwana ina tashi da wannan tambaya, na kasa karanta ko shafi ɗaya. Ban yi masa magana ba, gaisuwa ce kawai da ga abinci. Na gaji da zama wadda kullum ke bayanin abin da ya kamata a gane ba sai an faɗa ba.

Na haɗa jakata na tura ƙarƙashin gado bayan kwalayen littattafai. Ranar da zai tafi tashar, yana fita zan kulle gidan in tafi wurin Mama, kuma ban yi niyyar gaya masa ba.

Taki,
Mai jiran na gaske

*

Ƙanwata Mai jiran na gaske,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. A karo na farko na yi abin da ƙawarki ta yi, ki yafe mini. A karo na biyu ban yi dariya ba, domin na ga mace mai tsohon ciki da ke tsoron ranar haihuwa ta same ta ita kaɗai. Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma shi za mu fara magancewa.

Maigidanki ya yi kuskure babba. Mutane ba na'urori ba ne. Dattijon da ya ce ke 'yarsa ce ya riga ya ba da amsa, auna shi da agogo cin fuska ne ko da ba a yi nufin haka ba. Kuma rashin tambayar ogansa laifi ne na daban. Yana iya yiwuwa a ce masa a'a, amma ke kina da haƙƙin ki ga ya tambaya.

Sai dai ke ma da hannunki a ciki, kuma na ji daɗi da ba ki ɓoye ba. Magana ɗaya aka ce ki faɗa. Nishin nan da kukan nan da “ba zan kai ba” su ne suka sa dattijo ya sauke fasinja, su ne suka hau da Mama kan babur. Shi yana gwada maƙwabci, ke kina gwada shi, kowa da nasa agogon. Saboda haka haƙurin da za a bayar na mutum biyu ne.

Kin tambaye ni ko yana sonki. Ban san zuciyarsa ba, abin da kika rubuta kawai na sani. Na ga mutumin da ke durƙusawa ya sa miki takalmi. Na ga wanda aikinsa ya koya masa cewa abin da ya yi shekaru lafiya lau yana iya cin amanarka ranar da ka fi buƙatarsa, ya ɗauko wannan fargabar ya shigo da ita gida domin a nan ne yake da abin da ya fi tsoron rasawa. Maganar mahaɗin da ta ƙona miki rai, ki sake saurarenta. Mutumin da duk mutuncinsa ke kan cewa ba ya irin wannan kuskure ya tsaya a gabanki ya ce ya yi wanda ya cancanci kora. A bakinsa babu kalmar da ta fi wannan nauyi. Ba ta yi daɗin ji ba, na yarda, kuma ba laifi ba ne ki so jin mai daɗi. Amma sai kin gaya masa. Irinsa ba ya gane shiru. Ki ce masa a fili: ranar nan da na yi kuka a waya, fuskarka nake nema, kai kuma kana kallon agogo. Ki faɗa sau ɗaya, ki bar shi da ita. Jaruman littafi suna sanin abin da ke ran mace ne domin marubuci ɗaya ya rubuta su duka biyun. Ku kuwa ba wanda ya rubuta ku.

Zuwa wurin Mama shawara ce mai kyau, ina goyon bayanta. Haihuwar fari, miji a nesa, waya a ajiye a waje: ki kasance inda akwai idon da zai dube ki dare da rana. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tafiya a ɓoye. Ki yi tunanin mutum mai irin wannan fargabar ya kira gida ba a ɗauka ba, alhali hannunsa na cikin aikin da kuskure kaɗan ke jawo asarar rai. Kuma tafiyar da aka yi a sace, dawowarta wuya gare ta, sai an tara manya. Ki ciro jakar ki ajiye a tsakar ɗaki ya gan ta. Shi zai kai ki da kansa kafin ya wuce, ya durƙusa ya ba Mama haƙuri da bakinsa.

Ki sa shi ya je wurin ogansa gobe. In ba za a iya sauya shi ba, ya nemi a san wanda zai karɓe shi idan kira ya zo, ya kuma karɓo miki lambar wanda ke zaune a ofishin tashar, wanda zai iya shiga ya taɓa kafaɗarsa. Mutumin da ya ce tsari ba ya rataya a wuyan mutum ɗaya, ki tuna masa cewa aikin tashar ma haka ne. Ki kuma tambayi asibiti alamomin da in kin gani ba jira, ki riƙe lambarsu.

Amma kafin duk wannan, madubi. Yau ɗin nan, ba gobe ba. Ya sauko da shi, ki sa mayafinki, ku taka tare zuwa gidan Baba Direba. Kada ya yi bayanin yadda gwaji yake, ki taka masa ƙafa in ya fara. Ya ce ya yi wauta, ke ki ce kin ƙara gishiri, ku yi shiru ku karɓi faɗan da za a yi muku. Sannan ya durƙusa ya ɗaura madubin da hannunsa, tun da a nan ne bakinsa ya fi iya magana. Dattijon da ya fasa motarsa saboda ke bai daina ɗaukarki 'ya ba, jira yake a zo. Gwaggo kuma ki ce mata kina so fulas ɗin nan ya biyo ki asibiti.

Littattafanki ki tafi da biyu ko uku, za su yi miki amfani a kwanakin jira. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya ba Mama lafiya, Ya dawo da mai agogo gida a kan lokaci.

Antinki